Tabaraun da Yaya Ya Gyara

"Ni dai ka ba ni hannun tabarauna."

"Wane hannu kuma?"

"Na hagu! Da hannu biyu na ajiye shi a kan taga na shiga wanka, na fito na tarar da shi da ɗaya. Ko tashi ya yi ya tafi yawo?"

Yaya bai ko ɗago kai ba. Yana zaune dirshan a tsakar ɗaki, ya baje wayoyi a gabansa kamar mai shirin ɗana wa ɓera tarko, filaya a hannu, harshe a waje. Ya ce, "Auta, matsalarki ɗaya ce, ba ki da hangen nesa."

"Da me zan hango nesan, ka cire wa tabaraun hannu?"

Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Me kuma ya faru da sassafen nan?"

"Umma, kin ga ɗanki ko!"

"Aro na yi," in ji Yaya. Ya ɗago wani abu da yatsu biyu, ya juya shi a hasken taga. Hannun tabaraun ne, an lanƙwashe shi kamar ƙugiyar kifi, an rataya masa jan maɓallin riga da murfin kwalbar lemo da aka bubbuge ya baje. "Ɗan kunne ne. Ku ƙare masa kallo yanzu, don nan gaba sai a gidan talabijin za ku gan shi."

Auta ta ji kamar ta kurma ihu.

Tabaraun nan fa ba ado ba ne. Tun tana ƙarama ake ce mata daƙiƙiya a makaranta. In aka ba ta littafi sai ta ga baƙaƙen suna iyo kamar ƙwari a ruwa, ta yi ta in-ina, aji ya yi ta dariya. Sai bara Malamar ajinsu ta lura da yadda take runtse ido, ta ce a kai ta a duba. Ranar da ta saka tabarau ta buɗe littafi, kuka ta yi. Ashe baƙaƙen a tsaye suke ƙyam, ba sa zuwa ko'ina. Tun daga ranar ba abin da ya tsira daga hannunta. Ta karanta kwalin magani, ta karanta bayan buhun omo, ta karanta takardar da aka naɗo burodi da ita. 'Yan ajinsu suka sa mata Ido Huɗu, ko a jikinta. Yanzu ga shi Malama ta zaɓe ta, ita kaɗai a duk makarantar, ta karanta jawabin maraba ranar Asabar, ranar raba kyaututtuka, a gaban iyaye da duk waɗanda suka taɓa yi mata dariya.

Shi kuwa Yaya, tun da ya gama makaranta yake neman abin da zai yi suna da shi. Ya taɓa gyaran agogo, har yau agogon falo baya yake tafiya. Shi ya sa wa kansa Injiniya, 'yan layi suka karɓa da hannu biyu, don yana ba su dariya. Wannan karon bidiyo ya kalla, wata mata tana murɗa waya ta mai da ita sarƙa da zobe da awarwaro. Yana tsakiyar kallo data ta ƙare.

"Ai rabi ka kalla," in ji Auta.

"Mai basira rabi ya ishe shi. Sauran rabin na marasa ganewa ne." Ya juya wajen Umma. "Umma, daga yau duk matan layin nan ni zan riƙa yi musu kayan ado. Da waya kawai."

Umma ta dafe aljihun zaninta. "Wayar wa? Kada ka kuskura ka taɓa min waya, ko lambar mutum ɗaya ban haddace ba."

"Ba wayar kira ba, Umma, wayar ƙarfe."

"To ita ma kada ka taɓa."

"Tabarauna fa?" in ji Auta.

Yaya ya karɓi tabaraun daga hannunta kafin ta ankara, ya jujjuya shi yana taɓe baki. "Wannan firam ɗin ma ai na tsofaffi ne. Bar min shi. Kafin Asabar zan ƙera miki wanda ko a kanti babu irinsa. In kika hau dandamalin nan, ba mai sauraron karatunki, fuskarki za a yi ta kallo."

"Ni karatuna nake so a saurara!"

"Ki yi haƙuri, Auta," in ji Umma, ta riga ta juya don wani abu na ƙauri a kicin. "Yayanki ne. Bar shi ya gwada."

Haka Auta ta shiga makon nan ba ido. Takardar jawabin tana hannunta, amma sai ta miƙe hannu iya tsawonsa, ta runtse ido, sannan ta tsinci kalma ɗaya ta rasa biyu.

Abu na farko da ya ɓace shi ne wayar shanya. Umma ta fito da bokitin wanki ta tarar da sanduna biyu a tsaye suna kallon juna. Daga nan matacin shayi ya bi. Sai hangogin da ke cikin durowa, aka wayi gari rigunan Baba a zube a ƙasa. Ƙofar falo ma ta fara wani irin kuka in an buɗe ta, ta ɗan karkace kamar mai ciwon ƙugu.

Baba direba ne, sai ya kwana biyu a hanya kafin a gan shi. Ya dawo da rana tsaka a jiƙe da gumi, ya zube a kujera ya danna fanka. Shiru. Ya sake dannawa. Ya miƙa hannu ya kunna rediyonsa, ita ma ko tari ba ta yi ba. Ya ɗaga ta ya ji ta sakayau kamar gwangwanin da aka shanye.

"Ina yaron nan?"

Yaya ya fito da sarƙa a wuya, ja-ja-zur tana ƙyalli. "Sannu da zuwa, Baba. Ka ga abin da ke ɓoye a cikin fankar nan tun shekaru? Jan ƙarfe ne zalla. Muna zaune a kan arziki muna fifita da shi."

"Rediyon fa?"

"Maganaɗisun sifikar kawai na ɗauka."

"Magana me?"

"Mayen ƙarfe yake nufi, Baba," in ji Auta daga lungu. "Ya fasa shi gutsi-gutsi."

"Shi ne sirrin kamfanin," in ji Yaya. "Sarƙoƙin kanti sai mace ta yi ta lalube a bayan wuya tana neman ɗan makulli. Nawa kuwa, ka kusanto da bakin nan da wancan, ƙas! Sun kama juna. Ba a taɓa yi ba, Baba."

"Akwai dalilin da ya sa ba a taɓa yi ba," in ji Baba. Ya ɗauki murfin tukunya ya shiga fifita. Ya gaji da yawa, ko faɗan ma ya kasa.

Kwastomar farko ita ce Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarsu ta dama, wadda in ta yi raɗa ana ji a ƙarshen layi. Ta shigo aron ashana ta fita da awarwaro. Yaya ya ce kyauta ne, talla za ta yi masa. Ta kuwa yi. Ta bi gida-gida tana kaɗa hannu ko ba a tambaye ta ba, in za ta nuna hanya da hannun awarwaron take nunawa.

Ba a jima ba sai ga Matar Mai Faci, maƙwabciyar hagu. Su biyun nan kullum suna gaisawa da dariya har kunne, amma in ɗaya ta sayi labule, ɗayar ba ta barci sai ta sayi wanda ya fi shi tsawo.

"Injiniya, ashe abin 'yar wariya ce? Ni ba mace ba ce?"

"Haba Anti, naki na musamman ne, shi ya sa na jinkirta."

"Ya fi nata girma?"

"Ninki biyu."

Da Maman 'Yan Biyu ta ji, ta dawo a fusace ta ce ita sarƙa take so, mai dutse a tsakiya, dutsen da in ta shigo wuri za a san ta shigo. 'Yan biyunta suna makarantar su Auta, ita ma Matar Mai Faci ɗanta yana can, kowacce ta ƙudura ranar Asabar za a yi ta ta ƙare. Kafin ka ce me, matan layin duk sun yi layi a ƙofar ɗakin Yaya.

Kayan gidan suka ƙare. Sai Yaya ya fara fita yawo da yamma da buhu a kafaɗa, wai yana tsintar abin da aka yar. A wajensa kuwa, duk abin da mai shi ya juya wa baya, an yar da shi. Maman 'Yan Biyu ta yi kwana biyu tana rungumar bokiti a ƙirji saboda mariƙin ya ɓace, tana tsine wa yaran layi. Matar Mai Faci ta buɗe lemarta ta ga ƙyalle kawai ya faɗo mata a ka, ba ƙarfe ko ɗaya.

Auta kullum tana bakin ƙofarsa.

"Yaya, tabarauna."

"Yana kan layi."

"Wane layi? Nawa ne fa!"

"Kamfani ba ya son kai. Kowa da lokacinsa."

"Gobe Asabar!"

"Auta, kina tsaye min a kan basira. Matsa."

Da safiyar Asabar, ta gama shiri, ta saka kayan makarantar da ta goge da kanta, sannan Yaya ya fito da abu a kan faranti, ya lulluɓe shi da hankici. Ya sa Umma da Baba suka tsaya. Ya yaye hankicin.

Jar waya ce aka nannaɗe, aka murɗe, aka yi mata wasu ƙahoni a gefe kamar na fara. Gilasai biyu suna ciki. A kan hanci kuma ga wani baƙin dunƙule.

"Mene ne wannan a tsakiya?"

"Kalli nan." Ya ja gefe da gefe, tabaraun ya rabe biyu. Ya kusanto da su, ƙas, suka haɗe. "Ko kin taka shi ba zai karye ba, don a karye yake tun asali."

Ta saka. Idon dama ya ga duniya tas. Idon hagu kuwa kamar tana leƙe ta cikin ruwan wanki.

"Yaya, na hagun ba ya gani."

"Sabon firam ne, sai ido ya saba. Ko takalmi ai yana matsi ranar farko."

"Umma!"

"Mun makara, Auta," in ji Umma. "Yi maneji, in mun dawo a duba."

Zauren makarantar ya cika maƙil. Rufin kwano ne, rana ta buɗe, tagogin kuma rabi ba sa buɗuwa. Matan layinsu sun kame kujerun gaba, kowacce wuya a miƙe kamar an sa mata sanda. Matar Mai Faci da wata ƙatuwar sarƙa mai ƙarafa sirara jere kamar haƙarƙari. Maman 'Yan Biyu kuwa ta zo a makare da gangan, don a gan ta. Sarƙarta mai kauri ce, a tsakiya ga wani abu mai ƙyalli da yake wulga haske a bango duk inda ta juya.

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa da kwat ɗin Baba da ta yi masa yawa, duk wanda ya wuce sai ya ce masa, "Ka ga na wuyan matar can? Aikina ne."

Shugaban makaranta ya yi magana. Ya sake yin magana. Zafi ya yi ta ƙaruwa, mutane suna fifita da takardar tsarin taro. Auta tana bayan dandamali, gumi na bin fuskarta, tana maimaita layin farko a zuci. Wata 'yar ajinsu ta kalle ta, ta sake kallonta, ta toshe baki.

"Lafiya?" in ji Auta.

"Ba komai."

Aka kira ta. Ta hau. Ta rufe idon hagu, ta buɗe takarda. Makirfon yana kan doguwar sandar ƙarfe, ya ɗan yi mata ƙasa, sai ta sunkuya.

"Barkanku da..."

Ƙas!

Tabaraun ya bar fuskarta ya manne a kan makirfon. Lasifika ta yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, jarirai suka fashe da kuka. Ta kama ta ja, ya rabe biyu, rabi a hannunta, rabi ya maƙale yana lilo. Ta ɓamɓare shi, ta haɗa, ta mayar, ta sunkuya.

"Barkanku da zu..."

Ƙas!

Wannan karon zauren ya ɗauka gaba ɗaya. Ba tabaraun kaɗai ake wa dariya ba. Inda wayar ta zauna a fuskarta, gumi ya jiƙa ta, ta bar mata kore shar, zobe biyu kewaye da idanu da layi a kan hanci. Wani yaro daga baya ya ƙwala, "Ido Huɗu ta zama mujiya!"

Auta ta tsaya da rabin tabarau a kowane hannu. Sai yanzu, da hasken taga ya bugi na hagun, ta ga gefensa da kyau. Yana da wani ɗan karce da ta sani. Gilashin tocilar Baba ne. Ta ɗora na daman a ido ta dubi kujerun gaba, ta ga abin da ke wulga haske a ƙirjin Maman 'Yan Biyu.

Ta diro daga dandamalin.

"Mama, wannan idona ne."

"Wane ido? Ke, lu'ulu'u ne, Injiniya ya ce daga waje aka kawo."

"Daga kan tagarmu aka kawo. Ba ni abina!"

Maman 'Yan Biyu ta ja baya da ƙarfi, ta faɗa jikin Matar Mai Faci. Ƙas! Makullin wannan ya kama ƙarafan waccan. Suka miƙe tare, kunci da kunci, kamar masu ɗaukar hoto.

"Sake ni!"

"Ke ce kika riƙe ni!"

"Ni in riƙe ki in yi me da ke?"

Suna ja suna juyi, sai idon Maman 'Yan Biyu ya sauka a kan hannun Matar Mai Faci. Ta daina ja. "Tsaya. Wannan awarwaron, da ɗan robar nan shuɗi a tsakiya. Wallahi mariƙin bokitina ne!"

"Bokitinki? To ke dubi kunnenki! Ƙarfen lemata ne, ga ɗan ƙyallen ma bai gama cirewa ba!"

"Ai sauran lemar tana wuyanki!"

Nan fa kowacce mace ta shiga duba ta kusa da ita. Wata ta gano cokalin shayinta an lanƙwashe a yatsar maƙwabciya. Wata ta ga zip ɗin jakarta. Umma ta hango matacin shayinta yana lilo a kunnen wata mata, ta yi salati ta rufe fuska da mayafi. Sai wata ta ciro sarƙarta don ta duba, aka ga wuyanta.

"Innalillahi! Wuyanki ya yi kore!"

"Naki ma!"

"Cuta ya sa mana! Na shiga uku, mijina zai ce me?"

Mai hankali da ya ga haka sai ya sulale. Yaya kuwa hawa dandamalin ya yi. Ya gyara kwat, ya kama makirfon, awarwaron hannunsa ya manne da sandar bai ma lura ba.

"Jama'a, a kwantar da hankali. Ni ne Injiniya, ni na ƙera duk abin da kuke gani. Koren nan ba cuta ba ne, dizayin ne. Ko kin cire sarƙar, adon yana nan. Wane kanti ne zai ba ki haka? Masu son yin oda su same ni a..."

Takalmin Matar Mai Faci ne ya fara isa. Na biyun ya samu Shugaban makaranta a kafaɗa.

Yaya ya zabura zai gudu, sandar makirfon ta bi shi. Ya ja ta har bakin ƙofa, waya na binsa, lasifika na watsa numfashinsa da "Anti ki tsaya in yi bayani" ga duk unguwa, kafin ya yakice ya fita da gudu. Mata suka rufa masa baya. Maman 'Yan Biyu da Matar Mai Faci suka bi sahu a manne, suna gudu gefe-gefe suna zagin juna. A bakin ƙofa Auta ta kai hannu ta fizge gilashinta daga sarƙar, ko juyowa matar ba ta yi ba. 'Yan makaranta kuwa wa zai zauna? Duk suka bi kallo, har da malamai, wai za su raba. Umma ma ta bi bayansu tana ba da haƙuri.

Zauren ya koma wayam. Kujeru a kife, takalma warin-warin a ƙasa. Saura Malama, da Baba a kujerar baya da hularsa a gwiwa, da wata tsohuwa da ta yi barci tun jawabin Shugaba.

Auta ta tsaya tana huci, gilashi ɗaya a kowane hannu.

"Hau ki karanta," in ji Malama.

"Wa zan karanta wa, Malama? Kujeru?"

"Ni ban zo kallon gudu ba," in ji Baba daga baya. "Karatu aka ce min."

Malama ta riƙe mata takardar. Auta ta ɗora gilasan a idanunta da yatsu, gwiwar hannu a sama kamar kaza za ta tashi, ta karanta. Tun daga barkanku da zuwa har na gode, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Muryarta ta cika zauren ba makirfo. Daga waje ana jiyo ihun mata da muryar Yaya yana cewa a bi layi.

Baba ya tafa, shi kaɗai, da ƙarfi. Tsohuwar ta farka ta ce, "An raba kyautar?"

Da suka koma gida, Yaya yana falo a zaune, kwat ɗin Baba saura hannu ɗaya, goshinsa da ƙulu kamar ƙwai. Umma tana goga masa man zafi tana faɗa, shi kuma idonsa na kan wayarsa. Baba ya wuce ciki ya ce Auta ta jira shi, yanzu za su je wajen mai tabarau. Ita kuwa ta tsaya a gaban madubi tana dirzar fuska da sabulu, koren ya ƙi fita.

"Auta," in ji Yaya. "Kin ga abin da na gaya miki? Na ce fuskarki za a kalla, ba a kalla ba?"

Ta ci gaba da dirzar fuska.

"Yau duk garin nan ba wanda bai ji sunan kamfanina ba. Mutane har gudu suke suna bina."

"Da takalmi a hannu," in ji Umma.

"Farkon kasuwa haka yake. Kuma na gano inda 'yar matsalar take. Na sa data na kalli sauran bidiyon. Ashe in an gama, wani abu ake shafa wa wayar don kada ta yi kore. Kamar jan farce ne, amma fari. Matar ta rubuta sunansa a ƙasa, sai dai rubutun ƙanana ne kuma yana saurin wucewa." Ya miƙo mata wayar. "Ke da kika iya karatu, zo ki karanta min."

Auta ta juyo a hankali.

"In karanta maka."

"Eh mana. Sannan ki bar min gilasan nan, kada Baba ya wahalar da kansa. Na riga na zana sabon firam a kaina. Wannan karon da ɗan ƙararrawa, in ya faɗi ki ji."

"Yaya, na yi wata guda ina jiran yau. Mutum uku ne suka ji ni, ɗaya ma barci take."

"To ai kin fi ni, ni ko mutum ɗaya bai tsaya ya ji bayanina ba."

"Umma, kin ji shi ko?"

"Yi haƙuri, Auta, yayanki..."

"Ku gaya wa Baba ina bakin titi!"

Ta dunƙule gilasanta a hannu, ta figi mayafi, ta nufi ƙofa. Yaya ya ɗago da sauri.

"Ke, a hankali da ƙofar nan, kusoshinta na ara na yi zobe da..."

Ta bugo ta da iya ƙarfinta.

Ƙofar ta yi ɗan jim a tsaye kamar mai tunani, sannan ta tafi gaba ɗayanta ta cikin falo. Aka ji rugum, aka ji farantin wayoyi ya watse, aka ji Umma ta yi salati. Daga ƙarƙashin ƙofar muryar Yaya ta fito a shaƙe.

"Ba komai, Umma, kada ki ɗaga. Bari in ga wannan mariƙin, zai yi abin wuya."

Auta ba ta waiwaya ba. Ta fita layi da korayen idanunta, ta wuce Maman 'Yan Biyu da Matar Mai Faci da ke zaune a kan benci ɗaya, mai faci yana ƙoƙarin raba su da sukundireba, ta miƙe titi.